Kayen Dogaro a Judo: Goyo, Cikin Cinya, Girbin Waje ko Shingen Ƙafa?

Duk wanda ya shekara ɗaya a kan tabarmar judo, kokawar Jafan da ake yi da riƙon riga, ya san wannan mararraba. An koya maka kaye goma ko sha biyar, kowanne yana fita tsaf idan abokin atisaye ya tsaya maka ƙiƙam kamar turmi, amma da an ce a kama da gaske sai ka neme su ka rasa. A nan ne malami zai ce maka lokaci ya yi da za ka zaɓi kaye ɗaya ka zauna a kansa. Mutanen Jafan suna kiransa tokui-waza, ni kuwa kayen dogaro nake ce masa, wato wanda za ka nema idan numfashi ya ƙare, saura daƙiƙa talatin, kuma ana binka maki.

Makarantar Kodokan da Jigoro Kano ya kafa a Tokiyo a 1882 tana lissafa kaye 68 a yau. Amma ka zauna ka kalli wasannin kowane zakara, za ka tarar kaye biyu ko uku ne suke ciyar da shi, sauran duk 'yan rakiya ne. Huɗu ne aka fi yi wa ruwan ido: seyoi-nage, wanda zan kira goyo, uci-mata, cikin cinya, osoto-gari, girbin waje, sai tai-otoshi, shingen ƙafa. Duk bayanin da zan yi na mai riƙon dama ne, bahago sai ya juya.

Ma'aunin da za a auna su da shi

Na farko shi ne farashi, kuma a nan ba da kuɗi ake biya ba. Da watanni ake biya, da gumi, da yawan faɗuwar da za ka sha kafin kayen ya soma kama mutumin da ba ya so a kayar da shi.

Na biyu ƙarko. Zai ci gaba da yi maka aiki bayan abokan karawa sun gane shi? Zai bi ka har shekara arba'in, lokacin da gwiwa ta soma ƙara? Kuma zai tsira idan an sauya doka? Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne. Hukumar judo ta duniya ta hana kai hannu ƙafa kai tsaye a 2010, ta ƙarasa rufe ƙofar a 2013, mutanen da suka gina rayuwarsu a kan ɗaukar ƙafa suka wayi gari makaminsu ya zama laifi. Huɗun nan duk sun tsallake wannan.

Na uku sauƙin shiga: wane irin riƙo yake bukata, kuma wane irin jiki yake so. Na huɗu haɗari, gare ka da kuma wanda kake kayarwa, har da yiwuwar a mayar maka da kayen.

Na biyar shi ne wanda aka fi mantawa, kuma a wurina ya fi sauran nauyi: idan an tare kayen, ina mutumin yake komawa, kuma wane kaye ne yake jiransa a can? Wanda ya tare ka dole ya kai nauyinsa wani wuri. Kayen da ba shi da abokin haɗi, sati uku ya isa kowa a wurin atisaye ya haddace shi.

Goyo

Ka ja hannun rigarsa sama da gaba, ka juya masa baya, ka sauke ƙugunka ƙasa da ɗamararsa, ka ɗora shi a gadon baya ka sauke ta gaba. Iri biyu aka fi sani. A na farko kana sakin wuyan riga ka cusa damtsenka a hammatarsa. A na biyu kana riƙe da wuyan rigar, gwiwar hannunka ce take shiga hammatar.

Farashinsa matsakaici ne. Siffarsa tana shiga kai da wuri, shi ya sa ake koya wa yara shi tun farko. Wahalar tana cinya: sai ka iya tsugunawa da sauri bayanka a miƙe, ka tashi da nauyin mutum. Gajere ya samu rabin aikin kyauta, domin tuni ƙugunsa yana ƙasa. Dogo kuwa sai ya naɗe kansa kamar tabarma kafin ya kai inda ake so, kuma kafin ya gama naɗewar an gan shi.

Tadahiro Nomura ya ci zinare uku a jere a gasar Olamfik, 1996 da 2000 da 2004, a ajin kilo 60, goyo ne kan gaba a makamansa. Toshihiko Koga, zakaran Olamfik na Basalona a 1992, yana yin nasa a tsaye, har ya kai wasan ƙarshe na gasar Jafan wadda ba ta raba nauyi a 1990, yana ta kawar da ƙarti da suka fi shi da kilo masu yawa. Saboda haka kada a ce maka goyo ba ya ɗaukar mai nauyi.

Ƙarkonsa ne ke da ayar tambaya. Nau'in riƙe wuyan riga yana cin gwiwar hannu, musamman idan ka saba shiga alhali ba ka ja mutumin ya taso kan yatsunsa ba, sai gwiwar hannun ta tsaya a baya jikinka ya wuce. Nau'in durƙusawa a kan gwiwoyi biyu kuwa yana ba da maki da wuri, shi ya sa matasa suke rububinsa, amma gwiwa ce take biya daga baya. Ga shi alƙalin wasa yana ba da gargaɗi idan ya ga faɗuwa kawai kake yi don ka tsere wa riƙo. Wani haɗarin shi ne ka ba da bayanka. A judo alƙali yakan tsayar da wasa idan abu bai ci gaba ba a ƙasa. A jiyujitsun Barazil, wani wasa ɗan'uwan judo da aka fi yi a ƙasa, babu mai ceto: kayarwa maki biyu ce, hawa baya maki huɗu, ga shaƙa tana biye.

Abokin haɗinsa kuwa kamar tare aka haife su: ko'uci-gari, ƙaramin girbin ciki. Wanda ya ji za ka shiga goyo yana turo ƙugu gaba ya jingina baya, nauyinsa ya koma dunduniya. Sai ka fasa juyawa, tafin ƙafarka ta dama ya share dunduniyarsa ta dama ta ciki, ka bi shi da ƙirji. In kuma ka fara da ƙaramin girbin ya janye ƙafar baya, to ya buɗe maka fili ya kuma turo ka, goyo ya samu. Isao Okano, mai kilo 80 ko kusa da haka, da wannan tagwayen ya ci gasar Jafan marar rabon nauyi sau biyu, 1967 da 1969.

Cikin cinya

Wannan shi ne kayen da yake sa mutum ya kamu da son judo, kuma shi ne ya fi cinye wa mutane shekaru. Ka juya, ka tsaya a kan ƙafar hagu ita kaɗai, kanka ya yi ƙasa, ƙafar dama ta tashi ta tsakanin ƙafafunsa ta ɗaga cinyarsa ta ciki. Wanda ya ga yadda Kosei Inoue ya ci zinaren Olamfik na Sidni a 2000 a ajin kilo 100 zai so ya tashi gobe da asuba ya fara.

Shi ya fi duka tsada. Kana neman abu uku a lokaci guda: daidaito a kan ƙafa ɗaya, laushin kwankwaso, da hannun hagu mai ja ba tare da ya saki ba har ƙarshe. Sabon shiga yakan ɗauka aikin ƙafa ne, ya yi ta harba ƙafa sama kamar jaki, mutumin yana tsaye yana kallonsa. Hannu ne yake kayarwa, ƙafar ƙarasawa take yi. A ganina wanda yake zuwa atisaye sau biyu a mako kada ya sa ran ganin amfaninsa a shekarar farko.

Ni kaina na yi wannan kuskuren. Gajere ne ni, ƙafafuna ba su da tsawo, amma na shafe fiye da shekara ina bin cikin cinya saboda kyansa. Wata rana bayan an gama kamawa, wani dattijo cikin masu koyarwa ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, yau sau nawa ka shiga cikin cinya?" Na ce ya kai goma. Ya ce, "Nawa suka faɗi?" Na yi shiru. Ya ce, "To mutum biyun da ka kayar fa, da me ka kayar da su?" Sai a lokacin na lura da ƙaramin girbin ciki na kayar da su duka biyun, ban ma san na yi ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Amma wanda ya biya farashin ya sayi abu mai ƙarko. Cikin cinya yana aiki a kowane aji, ya fi kuma daɗi a kan mai sunkuyawa ya ware ƙafafu yana tsaron gida, da kuma lokacin da na-dama ya haɗu da bahago, inda ƙafar gaban abokin karawa take kusa da kai. Ba ya cin gwiwa kamar goyon durƙuso. Dogo mai dogayen ƙafafu shi ne ɗan gatansa.

Haɗarinsa biyu. Na farko a goce maka: mutumin ya janye cinyarsa, ƙafarka ta tashi a iska, ƙarfinka ya juya da kai. A wasan ƙarshe na masu nauyi a Sidni, David Douillet na Faransa ya shiga cikin cinya, Shinichi Shinohara na Jafan ya goce masa, su biyun suka zube, alƙalai suka ba Douillet makin, har yau ana gardama a kan hukuncin. Idan zakaran duniya zai faɗa wannan rami, kai ma za ka faɗa. Na biyu ya fi muni: mai sunkuyar da kai fiye da kima yana iya dasa ƙoƙon kansa a tabarma da nauyin mutum biyu a wuyansa. Wannan ɗabi'a ce da ake kashewa tun ranar farko.

Wajen haɗi babu wanda ya kai shi yawan abokai. O'uci-gari, babban girbin ciki, shi ne ƙofarsa: ƙafarka ta dama ta girbe ƙafarsa ta hagu ta ciki, ya ɗaga ta ko ya turo ka don kada ya faɗi ta baya, ƙafarka kuwa tuni tana tsakanin nasa, juyawa kawai ya rage. Idan ya tsallake, ka sauke ƙafar ta zama shinge. Idan ya ja baya, babban girbin yana nan yana jira.

Girbin waje

Ka taka ƙafar hagu kusa da ƙafarsa ta dama, ƙirji ya haɗu da ƙirji, ka tattara nauyinsa a kan dunduniyar dama, sannan ƙafarka ta dama ta wuce ta dawo ta girbe ƙafar daga baya. Ba juyawa, ba ba da baya. A rana ɗaya ake gane siffarsa, shi ya sa ake raina shi, ana cewa kayen 'yan koyo ne. Masahiko Kimura, wanda ake ba da labarin yana yin atisayensa a jikin bishiya, da shi ya yi suna. Yasuhiro Yamashita da ya yi nasara 203 a jere, shi ma wannan kaye yana cikin manyan makamansa. Shohei Ono ya haɗa shi da cikin cinya ya ci zinaren Olamfik a Riyo da Tokiyo a ajin kilo 73.

Farashin shiga arha ne, ƙarko kuma babu kamarsa: ba ya neman tsugunno, ba ya neman laushin jiki, dattijo ma yana yinsa. Yana son mai ƙarfin ƙirji da tsawo ko matsakaici. Ga wata riba: inda mutumin ya faɗi, nan kake sauka a gefensa hannunka a wuyansa, dannewa ta samu, daƙiƙa 20 wasa ya ƙare.

Sai dai a nan ne zan ja kunne da ƙarfi. Wanda aka yi wa girbin waje ta baya yake faɗuwa, ƙafar da zai dogara da ita an ɗauke, ƙeya ce take fara neman ƙasa. A cikin munanan raunukan kai da aka samu a tsakanin 'yan makaranta masu koyon judo a Jafan, sunan wannan kaye ne ya fi fitowa. Kada ka yi wa wanda bai ƙware da faɗuwa ba, kuma kada ka saki hannun rigarsa, da shi kake tallafe masa kai. Haka nan idan ka maƙala ƙafa daga nesa ta gefen gwiwa ka yi ta dannawa, jijiyar gwiwarsa kake wasa da ita.

Gare ka kuma, haɗarin shi ne ku biyun kuna tsaye iri ɗaya. Idan ka shiga bayanka a lanƙwashe, nauyinsa bai koma dunduniya ba, kayen da ka kawo shi za a mayar maka nan take. Abokin haɗinsa sasaye ne, tokarin idon sawu: ka taka kamar girbi za ka yi, ya turo gaba don ya tare, sai ka tokare idon sawunsa na ɗaya ƙafar ka murɗa shi kamar sitiyari. Takun farko na su biyun kusan iri ɗaya ne, abin da ya sa haɗin yake ruɗa mutane ke nan. In kuma ya janye ƙafar ya sunkuyo, harai-goshi, sharar ƙugu, tana kusa.

Shingen ƙafa

Ba ɗauka, ba tsayuwa a ƙafa ɗaya. Ka juya, ka miƙa ƙafar dama a gaban ƙwaurinsa na dama, hannuwa biyu su ja shi ya tuntsura ta kan shingen. Neil Adams na Ingila, zakaran duniya na 1981, da Lee Won-hee na Koriya ta Kudu, mai zinaren Olamfik na 2004, su ne ake misali da su. Ba ya neman ƙarfi, yana neman sanin lokacin shiga, kuma wannan ba ya koyuwa sai da yawan kamawa. Ya dace da kowane tsawo, ya fi kuma amfani a kan wanda ya fi ka nauyi tunda ba za ka ɗauke shi ba. Matsalarsa ɗaya ce babba: idan ka miƙe ƙafar sanƙarau mutumin ya faɗo a kanta, gwiwarka ce a ƙasa. Ka lanƙwasa ta kaɗan, yatsu a ƙasa, gwiwa tana kallon tabarma. Babban girbin ciki ne yake buɗe masa hanya, idan kuma an tsallake shingen sai ka sake kafa wani nan take.

| Kaye | Farashi | Ƙarko | Jikin da yake so | Babban haɗari | Abokin haɗi |
|---|---|---|---|---|---|
| Goyo | Matsakaici | Matsakaici | Gajere, mai sauri | Gwiwar hannu, gwiwa, ba da baya | Ƙaramin girbin ciki |
| Cikin cinya | Mai tsada | Mai yawa | Dogo, mai laushin kwankwaso | Gocewa, wuya | Babban girbin ciki |
| Girbin waje | Arha | Mai yawa ƙwarai | Mai ƙarfi, dogo ko matsakaici | Ƙeyar abokin atisaye, mayar da kaye | Tokarin idon sawu |
| Shingen ƙafa | Matsakaici zuwa tsada | Mai yawa | Kowa | Gwiwar ƙafar shinge | Babban girbin ciki |

Yadda ake ɗinka haɗin

Haɗi iri biyu ne. Akwai wanda kake sauya alƙibla, ka tura baya ya turo gaba ka kayar ta gaba. Akwai wanda kake ci gaba ta fuska ɗaya, ya tsallake na farko ka bi shi da na biyu kafin ƙafarsa ta zauna. Sabon shiga ya fara da na sauya alƙibla, domin ƙarfin mutumin ne yake yi maka aiki. Na biyun yana bukatar ƙafa mai sauri da numfashi.

Kuskuren da na fi gani shi ne a mayar da kayen farko wasan yara. Mutum ya ɗan taɓa ƙafa da yatsa, zuciyarsa tana kan na biyu, abokin karawa ko gezau bai yi ba, sai na biyun ya tarar da bango. Na farkon dole ya zama na gaske, wanda in ba a tare ba faɗuwa za a yi. Kuma kada ka sauya riƙo a tsakani. Idan haɗinka yana bukatar ka saki ka sake kamawa, ka ba shi lokacin da zai gyara tsayuwa.

Taura biyu ba ta taunuwa, don haka kada ka ɗauki manyan kaye biyu a lokaci guda. Babba ɗaya, ƙaramin na ƙafa ɗaya. Ka yi ta maimaita shiga a tsaye, sannan kuna tafiya gaba da baya da gefe, sannan abokin atisaye ya riƙa tarewa da rabin ƙarfi yana zaɓar lokacin da ya ga dama, kai kuma ka karanta. Wannan mataki na uku shi ake yawan tsallakewa, alhali a cikinsa haɗi yake zama ɗabi'a. A lokacin kamawa kuwa ka yarda a mayar maka da kayen sau ɗari. Wanda yake tsoron faɗuwa a atisaye ba zai taɓa shiga da dukan jikinsa ba.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Idan kai gajere ne a ajinka, matashi, cinyarka da ƙarfi, ɗauki goyo da ƙaramin girbin ciki, amma ka koyi na tsaye kafin na durƙuso. Idan dogo ne kai, kana da shekaru a gabanka kuma kana atisaye sau uku ko huɗu a mako da niyyar gasa, cikin cinya ya cancanci wahalarsa. Ka fara da babban girbin ciki, shi zai riƙa ba ka maki kafin babban ya nuna. Wanda ya fara judo bayan ya manyanta, ko mai zuwa sau ɗaya ko biyu a mako, ko mai nauyi, girbin waje da tokarin idon sawu ne nasa, da sharaɗin ya kula da kan abokan atisayensa. Mai fama da ciwon baya ko kafaɗa, da wanda kullum da waɗanda suka fi shi nauyi yake kamawa, ya duba shingen ƙafa.

Ɗan jiyujitsu da yake neman kaye don ya fara wasa a sama ya fi samun kwanciyar hankali da girbin waje ko babban girbin ciki, tunda ba sa ba da baya. Mai kokawar da ba riga kuwa ya sani shingen ƙafa da goyon wuyan riga sun dogara da tufa. Cikin cinya da girbin waje su ne suke ƙaura da shi, ya maye riƙon riga da hannu a ƙarƙashin hammata ko a kan kafaɗa. Wanda kuma har yanzu ya kasa yanke shawara, ya sa a ɗauki bidiyon kamawarsa na wata guda da waya, ya zauna ya ƙirga da wane kaye mutane suka fi tangaɗi a hannunsa, ya fara da wannan.